Citta a kokonmu da lamurjinmu: me take yi a jiki?

Duk ranar awon ciki sai na sami mai tambayata: "Anti nas, citta za ta tsayar mini da aman nan?" Amsata ita ce e, tana taimakawa, amma ki zauna in gaya miki yadda take aiki.

Mu a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi citta ba baƙuwa ba ce. Tana cikin kokon safe tare da kanumfari da masoro, tana cikin lamurjin buɗa-baki, tana cikin sobolo, wato zoɓo. Asantawa na ce mata akakaduro, kuma ana noma ta nan kusa da Kumasi, a Gyankobaa.

Yajin da ke cikin ɗanyar citta daga wani sinadari yake, ana kiransa jinjarol. In aka shanya ta ta bushe, wani kaso nasa ya rikiɗe ya zama shogawol, wanda ya fi shi zafi. Shi ya sa garin busasshiya ya fi ɗanya kama maƙogwaro, kuma bai kamata a zuba su da awo ɗaya ba. Ɗumin da mutum ke ji bayan ya sha, jijiyoyin da ke jin zafin barkono ne aka taɓa.

A tumbi da hanji aikinta ya fi fitowa. Akwai sinadarin sirotonin da hanji ke saki, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon tashin zuciya. Jinjarol da shogawol suna rage ƙarfin wannan saƙo, suna kuma sa abinci ya bar tumbi da wuri maimakon ya yi zaune yana kumbura mutum. Ga mai laulayi, giram 1 na gari a yini ya isa, kusan rabin ƙaramin cokalin shayi ke nan, a raba shi sau biyu ko uku. In aman ya kai ko ruwa ba ya zama, ba maganar citta ba ce kuma, a taho asibiti.

Tana kuma rage sinadaran furostagilandin masu haddasa kumburi da murɗar mara, don haka wasu mata ke samun sauƙin ciwon al'ada da ita.

Inda muke samun saɓani da iyayenmu shi ne batun hawan jini da ciwon sukari. Alhaji, Hajiya, citta ba ta maye gurbin ƙwayoyin da likita ya rubuta muku. Lamurjin da aka zuba wa sukari har cokali ya tsaya kuwa, mai ciwon sukari ya yi nesa da shi, ko nawa cittar da ke ciki. Wanda ke shan maganin tsinka jini, irin wafarin ko asfirin, ya gaya wa likitansa kafin ya mai da ita abin sha na kullum, haka ma wanda za a yi wa tiyata. Babba lafiyayye kada ya wuce giram 4 a yini, in ba haka ba ƙwannafi da gudawa na iya biyo baya.

Sai abin da ya fi damuna. Har yanzu wasu na niƙa citta su cusa wa yaro a dubura, ko su ɗura masa ita da bentuwa, wato robar da ake matsa ruwa ta dubura da ita, wai don maganin zazzaɓi ko horon rashin ji. Fatar wurin siririya ce, cittar na ƙona ta. Yaro mai zazzaɓi a kawo shi a gwada jininsa a ga ko maleriya ce, a ranar da ya fara.