Dokar Usmaniyya kan ƙabilu masu fashi: ba a ce a shafe su ba

Kwana biyu ke nan wani saƙo yana yawo a wayoyin mutane, wai Daular Usmaniyya ta taɓa kafa dokar a shafe duk ƙabilar da aka samu ɗan fashi a cikinta, kuma wai da haka ta samu zaman lafiya. Da farko dai, daular Turkawa ake nufi, mai fada a Istanbul. Wasu sun ɗauka ta Shehu ɗan Fodiyo ce. Sannan dokar ba haka ta ce ba.

A 1691 daular tana tsakiyar yaƙi da Ostiriya, tun bayan da ta kasa cin Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1683. Sojoji duk suna bakin daga, baitulmali ya yi ƙasa. A Anatoliya kuwa, cikin Turkiyya ta yau, ƙorafi ya yi yawa kan makiyaya Turkumawa da Kurdawa: tare ayari, cinye gonaki. Takardun hukuma na kiran masu wannan aiki "eshkiya", kalmar da ta haɗa tushe da "shaƙiyyi" tamu. Umarnin da ya fito shi ne a kwashi wasu ƙabilu, irin su Beydili da Afshar, a tsugunar da su a lardin Rakka da wajajen Hama da Homs, cikin Siriya ta yau. A ba su ƙasar noma, a ɗauke musu wasu haraji, su kuma su tsare yankin daga hare-haren Larabawan hamada.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun "nezir". Asalinsa bakance ne, irin wanda mutum ke yi tsakaninsa da Ubangijinsa, sai hukuma ta ara. Dattawan ƙabila za su zo gaban alƙali su ɗauki alkawari: in muka sake fashi, ko muka ɓoye ɗan fashi, ko muka bar inda aka ajiye mu, za mu biya baitulmali kuɗi kaza. Magatakarda ya rubuta a littafin kotu. Ranar ba a karɓar ko sisi. Sai an karya alkawarin kuɗin ke zama bashi.

To amma a wuyan wa? A wuyan kowa. Tsohuwar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, tumakinta na cikin abin da za a sayar a biya laifin wani saurayi. Wani lokaci har 'yan'uwan shugabanni ake tsarewa a matsayin jingina. Masu kare tsarin za su ce da haka ƙabila ke sa wa 'ya'yanta ido. Ni dai ban ga yadda talakan da ba shi da ko sanda zai hana mai doki da bindiga fita ba.

Zaman lafiyar da saƙon ke faɗa ma da sauran magana. Zafin Rakka da ƙarancin makiyaya sun gallabi mutanen da suka saba hawa tsaunuka da dabbobinsu lokacin zafi. Da yawa suka tsere suka koma Anatoliya, aka yi ta aika umarni ga gwamnoni su kamo su su mayar, har cikin ƙarni na 18.