Mene ne Ekoloj? Ma'anar Kalmar a Yankunan Kosta Rika

Kalmar ekoloj tana cikin kalmomin da suka fi yawa a tallan masaukan baƙi na Kosta Rika, ƙasar da ke Amurka ta Tsakiya tsakanin Nikaragwa da Panama. Asalinta Turanci ne, kuma abin da ake nufi da ita shi ne ƙaramin masauki da aka gina a cikin daji ko a gefensa, wanda ake tafiyar da shi ta yadda ba zai ɓata wurin ba, sannan mutanen yankin su ci moriyar kuɗin da baƙi ke kashewa. Kalmar ba ta nuna tsada ko araha, domin akwai ekoloj da bai wuce ɗakin katako da gado da gidan sauro ba, akwai kuma wanda kwana ɗaya a cikinsa ya fi na babban otal a San José, babban birnin ƙasar, tsada. Ba kuma daraja ba ce da wata hukuma ke bayarwa. Duk mai masaukin da ya ga dama yana iya rubuta ta a allon ƙofarsa, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

Akwai dalilin da ya sa kalmar ta samu gindin zama a wannan ƙasa. A shekarun 1980 saran itatuwa da faɗaɗa makiyayar shanu sun cinye dajin Kosta Rika har abin da ya rage bai kai rubu'in ƙasar ba. Dokar gandun daji ta 1996 ta hana mayar da daji gona ko makiyaya, ta kuma buɗe hanyar biyan masu filaye kuɗi don su bar itatuwansu a tsaye, kuma yau daji ya rufe fiye da rabin ƙasar. Da baƙi suka fara tururuwa don kallon tsuntsaye da birai da kunkurun teku, manomi ya gane cewa itacen da ke tsaye yana iya kawo masa kuɗi shekara da shekaru, alhali wanda aka sare sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Masaukai da dama gonaki ne da aka bari suka koma daji.

Ganin yadda kowa ke iƙirarin kare muhalli, hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, wato ICT, ta fito da takardar shaida mai suna CST a 1997. Ana duba yadda masauki ke sarrafa ruwa da lantarki da shara, da yadda yake mu'amala da ma'aikata da al'ummar da ke kewaye da shi. A da ana nuna matakin da hoton ganye, daga ɗaya zuwa biyar, daga baya aka mayar da shi matakai biyu. Shaidar tana da amfani, amma neman ta ba dole ba ne, kuma cike takardunta aiki ne da ya fi sauƙi ga otal mai ofis da ma'aikata fiye da iyalin da ke da ɗakuna huɗu a bakin kogi. Saboda haka rashinta ba hujja ba ce a kan ƙaramin masauki. Haka kuma bai kamata a ruɗu da masaukin da ke alfahari da cewa wutarsa ba ta gurɓata iska ba, domin mafi yawan lantarkin ƙasar daga madatsun ruwa da iska da zafin ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma kowane gida da ke kan layi irin wannan wutar yake samu.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai zaɓen masauki shi ne cewa ma'aunin kalmar yana sauyawa daga yanki zuwa yanki, domin abin da ke barazana ga muhalli a wani wuri ba shi ne na wani wurin ba. A Guanacaste, lardin arewa maso yamma da ke gaɓar tekun Pasifik, matsalar ruwa ce. Rani yana kamawa daga Disamba zuwa Afrilu, itatuwa su kaɗe ganye, rafuka su ƙafe, kuma a daidai wannan lokacin ne baƙi suka fi sauka a filin jirgin garin Liberia, babban birnin lardin, suna nufar manyan otal-otal na bakin teku. A 2008 mutanen garin Sardinal sun yi zanga-zanga kan shirin janye ruwan ƙarƙashin ƙasarsu zuwa gine-ginen baƙi na bakin teku. Don haka masaukin da ke kiran kansa ekoloj a wannan yanki, alhali ciyawar farfajiyarsa kore shar take a watan Maris, ga tafkin ninƙaya a gaban kowane ɗaki, ya cancanci a tambaye shi daga ina ruwan yake zuwa.

A Tortuguero, can arewa maso gabas a gaɓar tekun Karibiyan, lamarin daban ne. Babu titin mota da ke kai wa garin, sai kwalekwale ko ƙaramin jirgin sama, shi ya sa masaukan wurin suka saba sayar da komai a dunƙule: ɗauko baƙo, da kwana, da abinci, da ɗan jagora. Daga Yuli zuwa Oktoba koren kunkurun teku yana fitowa da dare ya haƙa rami a rairayi ya zuba ƙwai, kuma farar fitila tana rikita shi, tana kuma karkatar da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe su nufi tudu maimakon ruwa. A nan masauki na gaskiya duhu ne alamarsa. Fitilunsa ba sa haska bakin teku, ba ya kai baƙi kallon kunkuru sai da jagora mai izini, kuma ba a ɗaukar hoto. Wannan tsari na dunƙule yana nufin baƙo ba shi da zaɓin wurin cin abinci sosai, don haka Musulmi ya kamata ya sanar tun kafin ya iso cewa ba ya cin naman alade, wanda ake ci sosai a ƙasar. Sauƙin abin shi ne shinkafa da wake su ne ginshiƙin abincinsu, har da karin kumallon da suke kira gallo pinto.

Tsibirin Osa na kudu, wanda a zahiri yana manne da ƙasa ta gefe ɗaya, shi ne inda kalmar ta fi dacewa da ma'anarta ta asali. Nan ne gandun dajin Corcovado da aka kafa a 1975, wanda ba a shigarsa sai da jagora. Masaukai da yawa a kewayen ƙauyen Drake da bayan garin Puerto Jiménez suna nesa da layin lantarki, da hasken rana suke aiki, kuma ɗakin yakan kasance rabinsa bango rabinsa raga, ba na'urar sanyaya ɗaki, fanka kawai. Da asuba kukan birai masu gurnani ne ke tada mutum, tufafin da aka shanya jiya suna nan da danshinsu, wanda kuma ya bar biskit a buɗe zai tarar tururuwa sun riga shi. Wanda bai shirya wa haka ba zai ga kamar an cuce shi, alhali abin da ya biya ke nan. A Satumba da Oktoba ruwan sama yana tsananta a wannan ɓangare har wasu masaukai su rufe, a daidai lokacin da gaɓar Karibiyan ke samun sassauci.

Monteverde, dajin hazo da ke kan tsaunuka inda 'yan ɗariƙar Kirista ta Kwaika daga Amurka suka sauka a 1951, wuri ne mai sanyi da iska, bargo ake nema a can ba fanka ba. La Fortuna da ke gindin dutsen Arenal mai aman wuta kuwa ta cika da otal-otal masu wuraren wanka da ruwan zafi, kuma da yawansu manyan wuraren shaƙatawa ne da suka ari sunan ekoloj. A ko'ina dai akwai alama guda mai sauƙin ganewa: dokar ƙasar ta hana ciyar da namun daji, don haka masaukin da ke ajiye ayaba don jawo birai su zo a ɗauke su hoto ya saɓa wa sunan da ya ba kansa.

Akwai kuma masaukan da suka cika sharaɗin amfanar mutanen gari ba tare da sun taɓa amfani da kalmar ba. Cabinas, wato jerin ɗakuna masu araha da iyali ke ginawa a filinsu, ana samunsu kusan a kowane gari, kuma kuɗinsu a hannun masu gida yake tsayawa. A yankin Talamanca ma wasu al'ummomin ƙabilar Bribri suna saukar baƙi a ƙauyukansu, irin su Yorkín da ake zuwa ta kogi a kan iyakar Panama, inda ake kwana a ɗakin katako mai rufin ganye, ana nuna wa baƙo yadda ake sarrafa koko daga gona har ya zama abin sha.