Bwat otomatik: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin da ake kawo mini garaji kan giyar otomatik, wato bwat, ba sa canzawa. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Man giya ma ana canza shi?

Ana canzawa. A zafin Maraɗi da ƙurarta, duk kilomita dubu 40 zuwa dubu 60. Wanda ya ce maka man na har abada ne bai taɓa tuƙa mota zuwa Dakoro da tsakar rana a watan Afrilu ba.

Wane mai zan zuba?

Wanda aka rubuta a kan sandar awon mai ko a littafin motar. Tsoffin Corolla da Camry da yawa T-IV suke sha, na bayansu WS. Honda tana da nata, DW-1. Mota mai CVT kuwa, wato bwat ɗin da ba ta da matakan giya ɗaya-biyu-uku, man da take sha daban ne gaba ɗaya, ka zuba mata na gama-gari ka kashe ta. Kuma don Allah a daina cewa "ai ja ne". Rini ne ke sa shi ja. Wanda aka ɗura a gora a bakin titi, ko kyauta aka ba ka, bar shi.

In batir ya mutu, a tura ta ta tashi?

A'a. Nemi wayar haɗa batir.

Na sayi mota ta hannu, man ya yi baƙi, ban san ranar bidanjinsa na ƙarshe ba. In canza ko in bari?

To, nan ne ba na saurin amsawa, Alhaji. Sabon mai ja ne garau kamar zoɓo. In naka ya yi duhu kawai, ba ya ƙauri, giya kuma tana shiga lafiya, canza shi, amma a hankali. A kwance ƙusar ƙasa a tsiyaye abin da ya fito. Kusan lita 3 zuwa 4 za ka samu cikin 7 ko 8, sauran yana maƙale a tukunyar da ke tsakanin inji da bwat. A sauke farantin ƙasa, a canza filta, a duba maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, kowace mota tana yi. Ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa, wannan labari ne daban. A mayar da daidai abin da aka cire, ka yi tafiyar kamar kilomita dubu, a sake. Ban yarda a haɗa tsohuwar bwat da injin da ke wanke ta da ƙarfi ba, don yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi ƙananan hanyoyin mai ya toshe.

In kuwa man yana ƙauri, ko ka taka totur inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba, farantan kulocin ciki sun riga sun cinye. Wani lokacin garinsu da ke yawo cikin tsohon man shi ke ɗan riƙe su, sabon mai yana shiga sai sulɓewar ta fito fili, a ce makaniki ya ɓata mota. Yana yiwuwa ta ƙara watanni in an bar ta, yana yiwuwa ta ajiye ka gobe a hanyar Ɗan Isa. Ba zan yi maka alkawari ba. Abin da na sani, babu wani magani na kwalba da ke mayar da farantin da ya cinye.

Tana fizga in ta canza giya. Bwat ta mutu ke nan?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, sau da yawa ba ta kai nan ba. A fara auna mai: mota ta yi zafi, a wuri mai daidai, giya a P, inji yana aiki (Honda ce ake kashewa sannan a auna nan take). Ƙarancin mai yana kawo fizga, yawansa ma yana sa kumfa. In mai daidai ne, a sa mata kwamfuta. Wani lokacin solenoyid ɗaya ne, wato ɗan bawul na lantarki da ke buɗe wa mai hanya a cikin bwat, ko robar da ke riƙe inji ta yage. Kada ki bari a sauke bwat kafin a yi waɗannan.

Me ya fi kashe ta a nan?

Zafi. Man giya ta cikin radiyata yake bi ya huce, saboda haka motar da fankarta ba ta aiki tana dafa bwat ɗinta ne. Mai ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye ya ƙara ƙaramar radiyatar mai a gaba. In kaya sun yi nauyi giya tana ta hawa da sauka, kashe O/D, maɓallin da ke barin mota ta shiga giya ta sama. In ka kafe a rairayi, daina wurga giya daga D zuwa R kana taka wuta. Sauka, rage iskar taya, a tura. Idan kuma ka ga man ya koma fari-fari, ruwa ya shiga ta radiyata ko ta kwazazzabon da ka ratsa da damina, kada ka ƙara ko kilomita ɗaya.

Ina sa N a gangara don tsimin esansi.

Ba tambaya ba ce, kuma ka daina. Ba abin da kake tsimi sai wahalar da birki.

P kaɗai ta isa in na tsaya?

Ɗan ƙugiyar ƙarfe ne ke riƙe motar a P. Taka birki, ja birkin hannu, sannan ka sa P.