Na'urar Gano Kifi Ba Ita Ke Korar Kifinku Ba

'Yan'uwana masunta, tun da wasu suka fara ɗaura na'urar gano kifi a kwale-kwalensu ake ta ƙorafi a bakin ruwa cewa ƙararta na tarwatsa kifi. Ƙorafin da hankali a ciki, domin kowane masunci ya san kifi na jin motsi.

Ga yadda take aiki. Ɗan ƙaramin kanta da ke cikin ruwa yana harba sauti zuwa ƙasa, sautin ya bugi kifi ko dutse ko laka ya dawo, sai ta zana abin da ya taɓa a fuskarta. A cikin ruwa sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa hoton ke fitowa nan take. Yawancin waɗannan na'urori suna aiki ne a kan kilohaz 50 zuwa 200 (kilohaz ma'aunin sirantakar sauti ne, yawan lambar yawan sirantakar). Kunnen ɗan Adam iyakarsa kilohaz 20. Shi kuwa kifi, akasari jinsa bai wuce kilohaz 1 ba. Ko tarwaɗa da kurungu, da Allah ya yi musu wasu 'yan ƙasusuwa masu ƙara ji, nasu bai wuce 'yan kilohaz kaɗan ba. To, karfasa da giwan ruwa ina za su ji wannan siririn sauti? Akwai wani kifi a kogunan Amurka mai suna shad da aka tabbatar yana jin irinsa, amma babu shi a Kainji ko Tafkin Chadi.

Abin da kifi ke ji sosai shi ne ƙara mai kauri: rugugin injin jirgi, faɗuwar jarka ko guga a ƙasan kwale-kwale, bugun filafili a jikin katako. Ai kun fi ni sani, da bugun ruwa wasu ke kora kifi cikin raga. Mutum zai shigo da inji a guje har kan kifin, ya duba na'ura ya ga wayam, ya ce ita ta kore su. Ku kashe inji tun daga nesa, ku ƙarasa da filafili a hankali. In ruwan bai da zurfi kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, tunda in ka kara kunne kusa da kanta za ka ji tana ɗan ƙas-ƙas, kashe ta bayan ka ga inda kifin yake.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗora wa na'ura laifin raguwar kifi, a bar taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, a bar masu zuba maganin ƙwari na Gamalin a ruwa, wanda ke kashe babba da ƙarami ya kuma cutar da mai ci. Duk wanda ya ga ana haka, don Allah ya kai maganar gaban Sarkin Ruwa ko malamin kifi na yankinsa.