Koyo ta Hanyar Wasa a Makarantun Rauda na Saudiyya

Koyo ta hanyar wasa tsari ne na tarbiyyar ƙananan yara, galibi 'yan shekara 3 zuwa 6, inda ake shirya aji da lokutan yini domin yaro ya sami ilimi da hannunsa: ya gina, ya rushe, ya zuba, ya auna, ya kwaikwayi manya, ya yi jayayya da sa'ansa har su daidaita. Malama ce ke zaɓen kayan, ita ke shata iyaka, amma yaron ne ke zaɓen abin da zai yi da su. Daga wannan zaɓin ne dogaro da kai ke tsirowa, wato yaro ya iya kula da jikinsa da kayansa, ya fara aiki ya kai shi ƙarshe ba tare da babba ya tsaya a kansa ba. A Saudiyya makarantun wannan mataki su ne ake kira rauda, kuma 'ya'yan Hausawan Makka da Madina da Jidda na cikin yaran da ke cika azuzuwansu.

Asalin tsarin

Bajamushe Friedrich Froebel ne ya buɗe cibiyar wasa da aikin hannu ta yara a garin Bad Blankenburg a 1837, a 1840 kuma ya ba ta sunan da ya bazu duniya, Kindergarten, wato lambun yara. Ya ƙera wa yara ƙwallayen ulu da tubalan katako masu siffofi daban-daban, yana ganin wasa shi ne aikin ƙuruciya mafi muhimmanci. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ta buɗe Gidan Yara na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a watan Janairun 1907. Ita ce ta dage a kan kujera da tebur daidai tsayin yaro, da kantocin ajiye kaya ƙasa-ƙasa da hannunsa zai kai, da ayyukan yau da kullum kamar ɓalla maɓalli, zuba ruwa a kofi, shara da wanke hannu. A Rasha, masanin halayyar ɗan Adam Lev Vygotsky ya yi bayani a wata laccarsa ta 1933 cewa yaron da ya hau sanda ya ce doki ne ya fara raba ma'ana da abin da ido ke gani, kuma wannan ne tushen da harafi da lamba za su hau daga baya. Ya kuma lura cewa a cikin wasan kwaikwayo yaro kan bi ƙa'idar da ba zai bi ba in an umarce shi: wadda ta zama uwa a wasa ba za ta yi kuka ta ƙwace abincin 'yar tsana ba.

Musulmi ba baƙin wannan tunani ba ne. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta a Ihya'u Ulumiddin cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa karatu kullum na kashe zuciyarsa, yana dusashe basirarsa. Bambancin shi ne Ghazali ya ɗauki wasa hutu ne bayan karatu, su Froebel kuwa suka shigo da shi cikin karatun kansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta sanya wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31, Saudiyya ta shiga yarjejeniyar a 1996.

Manhajar Saudiyya

A ƙarshen shekarun 1980, hukumar ilimin 'yan mata ta ƙasar, wadda a lokacin raudoji ke ƙarƙashinta, ta haɗa hannu da UNESCO da asusun raya ƙasashe na yankin Gulf, AGFUND, suka tsara manhajar da ake kira ta koyo da kai. An fara aiki da ita a farkon shekarun 1990. An raba shekara zuwa darussa masu jigo: ruwa, yashi, abinci, gida, hannuwa, tufafi, iyali, abokai, lafiya, ƙasata. Kowane jigo yakan ɗauki makonni, kuma kayan aji na canjawa da shi. A 2002 aka haɗe hukumar 'yan matan da Ma'aikatar Ilimi. A 2015 aka fitar da ma'aunan koyon farko na yara 'yan 3 zuwa 6, waɗanda aka rubuta tare da NAEYC, ƙungiyar ilimin ƙananan yara ta Amurka. Faɗaɗa raudoji na cikin burin Vision 2030, shirin ci gaban ƙasar da aka ƙaddamar a 2016, a 2019 kuma aka fara makarantun ƙuruciya waɗanda suka haɗa rauda da azuzuwan farko na firamare a hannun malamai mata.

Rauda mataki uku ce, na ƙarshen shi ne tamhidi, ajin share fagen firamare. Malamanta mata ne, yara maza da mata a aji ɗaya, kuma a Hijaz, yankin Makka da Madina da Jidda, yaro yakan kira malamarsa Abla. Akwai raudojin gwamnati na kyauta, da masu zaman kansu na kuɗi, da na ƙungiyoyin haddar Alƙur'ani. Hausawan ƙasar wasu 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, wasu mazauna ne da iƙama, kuma takardun iyali da ƙarfin aljihu su ke yanke irin raudar da yaro zai shiga, ko ma ya tsallake ta gaba ɗaya.

Yini a cikin aji

Mako na farawa Lahadi ya ƙare Alhamis. Yini yakan buɗe da halƙa, yara zaune da'ira a kan darduma: sallama, azkar na safe, gajeriyar sura, ranar mako, sai Abla ta fito da abin da ya shafi jigon, a ce ƙanƙara a faranti a makon ruwa. Bayan nan akwai wasan fili, wanda zafin Makka ya sa dole a yi shi a ƙarƙashin rumfa, da cin abinci, da aiki a kusurwoyi, sai zaman ƙarshe na labari da waƙe da waiwayen abin da aka yi.

Lokacin kusurwoyi, wanda malamai ke cewa arkan, shi ne zuciyar tsarin. An yanka ajin da gajerun kantoci: kusurwar gini da rushewa, ta gida mai tukwane da tufafin manya, ta littattafai, ta zane da laka, ta bincike mai ma'auni da gilashin ƙara girma, ta wasannin haɗa hoto da jera duwatsun ado, ta shirin rubutu. Kowace kusurwa tana da adadin yaran da za ta ɗauka, kuma a raudoji da yawa yaro yakan rataya katin sunansa a bakinta. In ya tarar ta cika, ko ya jira ko ya nemi wata. Ƙaramin abu ne a ido, amma a nan ɗan shekara 4 ke fara sanin cewa so daban, samu daban, kuma kuka ba ya ƙara gurbi.

A kusurwar gini za ka ga yara biyu sun jera tubala suna hasumiya. Ta kai ƙirjinsu ta zube. Ɗaya ya ɗora wa ɗaya laifi. Malamar da ta san aikinta ba za ta gina musu ba, ba kuma za ta kwashe tubalan don a zauna lafiya ba. Takan durƙusa ta tambaya wane tubali ne a ƙasa, ta yi shiru. In ɗayansu ya ɗauko faffaɗan ya sa a gindi, ya gano abin da ya shafi nauyi da daidaito shekaru kafin ya ji sunansu. Masana na kiran wannan wasa mai jagora, domin yana tsakanin wasan da aka sakar wa yara da darasin allo. Wahalarsa a wurin malama ita ce riƙe hannunta.

Matakan dogaro da kai

Mildred Parten ta Jami'ar Minnesota ta bayyana a 1932 yadda wasan yara ke tafiya: daga wasa shi kaɗai, zuwa kallon wasu, zuwa wasa gefe da gefe kowa da nasa, har zuwa wasan haɗin gwiwa mai rabon aiki. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson kuma ya ce tsakanin shekara 3 zuwa 6 yaro na gwada fara abu da kansa, in ana yawan kwaɓarsa sai ya koma jin duk abin da ya ƙirƙiro laifi ne. A aji ana ganin wannan a abubuwa na zahiri. Ɗan matakin farko yakan koyi cire takalmi ya ajiye a gurbinsa, ya shiga bayi ya yi tsarki, ya rabu da mahaifiyarsa a ƙofa. Na biyu yakan buɗe jakar abincinsa, ya yi bisimilla, ya ci da hannun dama, ya goge abin da ya zubar. Ɗan tamhidi ana sa ran ya tsara wasa da abokai, ya yi sulhu da baki, ya mayar da kowane kaya kantarsa da jin alamar tashi. Lokacin abinci yakan ɗauki tsawo saboda haka, kuma malamar da ta gaji ta buɗe wa kowa ledarsa ta sami minti biyar ta rasa darasin.

Yaron gidan Hausa

Gidan Bahaushe bai rasa horon dogaro da kai ba. Ana aiken yaro ƙanƙani, yarinya takan riƙe ƙanenta, kuma wasannin da iyaye suka taso da su, tuwon ƙasa, 'yar tsana, motar kara, carafke, langa, gaɗa, duk suna da ƙirga da bin layi da ƙa'ida a cikinsu. Abin da rauda ke ƙarawa shi ne zaɓi da magana. A gida yaro nagari shi ne mai jin magana, mai sunkuyar da kai gaban babba. A aji ana so ya ɗaga hannu ya ce wannan nake so, ga dalilina. Yaron da ya yi shiru a halƙa sau da yawa ladabin gidansu yake yi, kuma malamar da ba ta san haka ba takan rubuta masa rashin kuzari. Rayuwar gidajen bene ta birni kuma ta rage tsakar gida da dandali, har ga yara da yawa ramin yashin rauda shi ne kaɗai inda za su taɓa ƙasa.

Sai batun harshe. A wasu gidajen Hausa ce a bakin kaka, Larabcin Hijaz a bakin yayye, littafin aji kuma da Larabcin fusha, wato daidaitaccen Larabcin rubutu. Yaron da ya zo da Hausa ta fi ƙarfi a bakinsa yakan fara sakin Larabci a kusurwar gida kafin halƙa, domin a can akwai tukunya da cokali da ke fassara masa magana, kuma ba wanda ke jiran amsarsa.

Hujja da saɓani

Binciken Perry da aka yi a Ypsilanti ta Amurka daga 1962 zuwa 1967 a kan yara 123 'ya'yan talakawa ya bi su har girma, ya tarar waɗanda aka sa a shirin karatun share fagen firamare sun fi waɗanda ba a sa ba kammala sakandare da samun aiki. Yara kaɗan ne, kuma shirin ya haɗa da ziyarar malamai gidajen yaran, don haka ba a jingina sakamakon ga wasa kaɗai. Wani nazari daga Jami'ar Cambridge a 2022, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna wasa mai jagora ya fi darasin kai tsaye amfani a lissafin farko da sanin siffofi, amma bai nuna fifiko a karatu da rubutu ba. Ke nan masu cewa wasa maganin komai ne sun wuce gona da iri. Haruffan Larabci, da yadda siffarsu ke canjawa a farko da tsakiya da ƙarshen kalma, suna buƙatar a koyar da su a fili, haddar surori ma da maimaici take zama.

Saɓanin da ya fi yawa tsakanin iyaye ne da makaranta. Kaka takan tari jika da "Maigida, me aka karanta yau?" ya ce "Hajiya, mun yi wasa da yashi," sai a fara tunanin kuɗin makaranta na tafiya a banza. Raudoji masu zaman kansu da yawa kan amsa wannan da littattafan kwafi da aikin gida, lokacin kusurwoyi ya tsuke, musamman a tamhidi. Cunkoson aji ma na yin haka, domin malama ɗaya ba ta iya lura da kusurwa bakwai. Ga kuma waya a gida: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 ya sami minti 180 na motsa jiki a yini, kallon allon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Wasu raudoji kan gayyaci iyaye mata su zauna a aji lokacin arkan, ko su aika gida da fayil ɗin ayyukan yaro tare da bayanan da malama ta rubuta tana kallonsa yana wasa, wanda shi ne ke maye gurbin jarrabawa a wannan mataki.