Ƙwannafi da Kumburin Ciki Bayan Aikin Daidaita Bugun Zuciya

Akwai wani koke da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda aka yi wa aikin daidaita bugun zuciya, wanda likitoci ke kira abileshan. Mutum zai ce faɗuwar gaban da ta daɗe tana damunsa ta lafa, amma tun da aka sallame shi daga asibiti ƙirjinsa ke zafi bayan cin abinci, ruwa mai tsami yana taso masa har maƙogwaro, gyatsa ba ta ƙarewa, kuma loma kaɗan ce ke cika masa ciki. Da yawa sukan ɗauka olsa ce ta tashi, su aika yaro kemis. A mafi yawan lokuta matsalar mai sauƙi ce kuma tana wucewa da kanta, sai dai akwai wata mai kisa da ke iya farawa da kusan irin waɗannan alamu, kuma rarrabe su biyun shi ne abin da ya kamata mai jinya da iyalinsa su iya.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, kuma na sama a ɓangaren hagu shi ne ke karɓar jinin da ya fito daga huhu ta jijiyoyi huɗu. A shekarar 1998 wani likita mai suna Michel Haïssaguerre tare da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na ƙasar Faransa suka nuna cewa saƙonnin lantarki da ke tayar da wani nau'in hargitsin bugun zuciya, wanda ake kira atrial fibrillation, galibi daga cikin waɗannan jijiyoyi suke tasowa. A kan wannan aka gina aikin da ake yi a yau: ana zura siririyar waya ta jijiyar jini da ke matsematsi har cikin zuciya, sannan a yi amfani da zafi ko tsananin sanyi a bar tabo kewaye da bakin kowace jijiya, domin tabon ya zama katangar da saƙon ba zai iya ƙetarewa ba.

Inda ciki ya shigo cikin maganar shi ne maƙwabtaka. Bututun da ke kai abinci daga baki zuwa tumbi yana bi ne ta bayan wannan ɗaki na zuciya, kuma a wasu wuraren abin da ya raba su bai wuce milimita kaɗan ba. Zafin da aka saki domin zuciya yana iya ratsawa ya taɓa bututun ya bar masa ja ko ɗan miki. Ban da haka, a jikin bututun akwai rassan wata babbar jijiyar saƙo da ake kira begas, wadda ke umartar tumbi ya motsa ya tura abinci gaba, kuma tana da hannu wajen riƙe ƙofar da ke hana abin da ke cikin tumbi dawowa sama. Idan zafi ko sanyi ya taɓa waɗannan rassa, ƙofar takan saki, tumbi kuma ya yi kasala, abinci ya daɗe a zaune. Daga nan ne ƙwannafi, saurin ƙoshi, kumburi da tashin zuciya ke fitowa. Jijiyar takan farfaɗo, kuma a wurin yawancin mutane alamun suna gushewa cikin makonni, wasu kuma sai sun kai wata uku zuwa shida.

Ba kullum ne laifin ke kan ƙunar ba. Kafin aikin ko lokacinsa akan zura na'urar ɗaukar hoton zuciya ko ta auna zafi ta baki, akan kuma sa bututun numfashi idan an yi allurar barci, kuma duk waɗannan suna barin ciwon maƙogwaro na kwana biyu ko uku. Cikin magungunan tsinka jini da ake ba mai jinya domin hana jini yin guda kuma, dabigatran ya yi suna wajen ɓata ciki, har kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shan sa na kokawa da hakan. Akwai kuma kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya, wanda ciwonsa ke ƙaruwa idan an ja dogon numfashi ko an kwanta rigingine, ya ragu idan an zauna an ɗan sunkuya gaba.

Saboda waɗannan dalilai ne asibitoci da yawa ke sallamar mai jinya da maganin rage tsamin ciki, irin su omeprazole ko pantoprazole, na tsawon mako huɗu zuwa shida, ko da bai taɓa yin ƙwannafi ba. Ana shan sa ne kimanin rabin awa kafin karin kumallo, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a ajiye shi bayan mako guda saboda an ji sauƙi, alhali an ba da shi ne domin kare bututun da ke kan warkewa. A ɓangaren abinci, tumbin da ya yi kasala ya fi jure ɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini a kan malmala biyu ta tuwo a zama ɗaya. Kunu, fate, shinkafa mai laushi da miya marar yawan mai sun fi dacewa a makonnin farko, a jinkirta soyayyen abu, yaji, tsire da kilishi, haka nan goro, kofi, shayi mai kauri da lemon kwalba. Abin sha mai tururi ma a bari ya huce. Ya kamata a bar aƙalla awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, a ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da kimanin santimita 15 zuwa 20, a kuma fi kwanciya a ɓarin hagu. Tara filo ba ya maye gurbin ɗaga gado, domin yana lanƙwasa mutum ne ya ƙara matse ciki. Wanda ya lura ruku'u da sujada na taso masa da tsami idan ya yi sallah a ƙoshe, sai ya rage abin da yake ci kafin sallar, kuma idan watan azumi ya riske shi cikin wannan hali, ya tattauna da likitansa kafin ya ɗauka.

A nan dole in tsaya a kan abubuwa uku da na fi jin tsoronsu. Na farko shi ne jiƙon kanwa, wanda aka saba sha idan ciki ya ɓaci. Yana iya kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma kanwa cike take da sinadarin gishiri, wanda ba abokin mai hawan jini ko ciwon zuciya ba ne, kuma babu mai iya cewa ga ma'aunin abin da ya sha. Na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke cin bangon tumbi, kuma idan suka haɗu da maganin tsinka jini suna iya jawo zubar jini a ciki. Paracetamol ya fi aminci, sai dai idan likitan zuciyar ne da kansa ya rubuta wani. Na uku, wanda ya fi su haɗari, shi ne mutum ya daina shan maganin tsinka jini don yana zargin shi ke ɓata masa ciki. Bayan wannan aiki ana buƙatar maganin na aƙalla wata biyu ba tare da yankewa ba, domin wurin da aka ƙona yana iya tara gudan jini wanda zai tafi ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Idan maganin ne ke damun ciki, likita na iya sauya shi da wani. Haka kuma magungunan motsa tumbi irin su domperidone suna iya taɓa lantarkin zuciya, musamman ga mai shan magungunan daidaita bugun zuciya irin su amiodarone ko sotalol, don haka ba abin da za a saya a kemis bisa shawarar maƙwabci ba ne.

Matsalar mai kisa ita ce mikin da ke bututun abinci ya ci gaba da zurfi har ya huda zuwa cikin zuciya. Idan hakan ta faru, iska da ƙwayoyin cuta sukan shiga jini kai tsaye su nufi ƙwaƙwalwa, jini kuma ya malalo cikin bututun. Ba kasafai take faruwa ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya tattara ayyuka sama da 550,000 daga asibitocin ƙasashe da dama, ya samu mutum 138 ne kawai suka gamu da ita, amma kusan biyu cikin uku daga cikinsu sun rasu, kuma waɗanda aka yi wa tiyata ko aka toshe ramin sun fi tsira nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka bari a kan magani kaɗai. Abin da ke sa ta yaudari mutane shi ne jinkirinta, domin ba ta bayyana a asibiti. Takan fito ne tsakanin mako ɗaya zuwa huɗu bayan aikin, wani lokaci har zuwa wata biyu, lokacin da kowa ya saki jiki.

Wannan jinkiri yana da muhimmanci na musamman ga mutanenmu, domin da yawa daga masu yin wannan aiki suna zuwa ne Indiya, Masar ko Saudiyya, ko kuma wani babban birni mai nisa da gida, su dawo bayan 'yan kwanaki. Ke nan lokacin haɗarin a gida yake samunsu, nesa da likitan da ya yi aikin, a wurin da zazzaɓi ke nufin maleriya ko taifot, ciwon ƙirji kuma ke nufin olsa. Duk wanda aka yi wa abileshan cikin wata biyu da suka wuce, idan ya ga zazzaɓi ko rawar ɗari, ko ciwon ƙirji mai ƙaruwa, ko zafi da wahala wajen haɗiya, ko aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ruɗewa, karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ko farfaɗiya, to ya tafi babban asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Ko gwajin maleriya ya nuna akwai ta, hakan bai wanke zuciya daga zargi ba.

Ga abokan aikina ma'aikatan lafiya kuma, gwajin da ake nema a wannan hali shi ne hoton siti-sikan na ƙirji tare da allurar ruwan da ke haska jijiyoyi. Zura kyamara ta baki domin duba ciki, wanda shi ne abin da hankali zai fara kawowa ga mai aman jini, yana da haɗari ƙwarai, domin iskar da ake hurawa lokacin gwajin za ta iya bi ta ramin ta shiga zuciya ta wuce ƙwaƙwalwa. Kada a ba mai jinyar komai ta baki har sai an ga hoton, kuma idan hoton farko bai nuna komai ba alhali alamun na nan, akan maimaita shi.

Akwai sabuwar hanyar yin aikin da gajerun bugun lantarki maimakon zafi ko sanyi, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da ita a ƙarshen 2023, kuma ta fi sauran rangwame ga bututun abinci. Don haka yana da amfani mai jinya ya tambayi wace hanya aka bi da shi kafin a sallame shi. Ya karɓi takardar sallama mai ɗauke da sunan aikin, ranar da aka yi shi, hanyar da aka bi, sunayen magunguna da lambar da za a iya samun likitan, ya ɗauki hotonta a waya, ya kuma nuna wa matarsa ko babban ɗansa inda take, domin idan ruɗewa ta zo su ne za su yi wa likita bayani. Wanda kuma ƙwannafinsa bai zo da waɗancan alamu ba, amma ya wuce mako shida bai ragu ba, ko yana yawan amai, ko yana ramewa, ya koma wurin likita a duba yadda tumbinsa ke tura abinci, a kuma sake nazarin magungunan da yake sha.