Waiwaye: yadda madatsar Diama ta canza bakin kogin Sanagal

Kafin 1986, in damina ta wuce kogin Sanagal ya ja baya sai ruwan gishiri na teku ya biyo shi ciki har nisan kilomita sama da ɗari, in ambaliya ta dawo kuma ta kore shi. Wannan kai-komo shi ne ya raya fadamun da ke kusa da birnin Sanluwi, kifi na hayayyafa, makiyaya na samun ciyawa bayan ruwa ya janye, tsuntsaye kuma da suka tsallako Sahara daga Turai nan suke fara sauka su sha. Shi ya sa a 1971 Sanagal ta keɓe gandun Djoudj, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1981. Har yau 'yan yawon buɗe ido na shiga kwale-kwale su je kallon kwasakwasa dubbai a kan sheƙarsu, ga kadoji ga gadu a bakin ruwa.

To amma farin shekarun 1970 ya gigita kowa, Sanagal da Mali da Muritaniya suka kafa hukumar raya kogin, wato OMVS, a 1972, aka gina madatsar Diama a 1986 don tare gishiri a samu noman shinkafa da rake, sai madatsar Manantali a Mali a 1988. An samu noman kam, wannan ba a musu. Sai dai ruwan daɗi da ya tsaya cak shekara duka ya kawo ciyawar kachala ta toshe magudanai, wanda ya san fadamar Hadeja da Nguru ya san irin wahalar nan, sannan tsargiya ta ɓarke a garin Richard Toll. Ƙasa da madatsar kuwa, ɓangaren Muritaniya, gishiri ya yi yawa ƙasa ta mutu, sai da aka kafa gandun Diawling a 1991 aka riƙa sakin ruwa da gangan ana kwaikwayon ambaliya kafin kifi da tsuntsaye su fara dawowa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na Oktoban 2003, don a ceci Sanluwi daga ambaliya aka yanka zirin yashin Langue de Barbarie da ke raba kogin da teku, faɗin mita 4 kacal, teku ya yi ta cin wurin har ya zama kilomitoci, ya cinye ƙauyen Doun Baba Dièye, masunta da dama sun rasa rayukansu a wannan mashiga.